Safiyar da Dusar Ƙanƙara Ta Toshe Mana Ƙofa

Shekarun baya, lokacin ina tuƙi a wani gida a unguwar Al Aziziya da ke Doha, wata tafiya ta same ni wadda ban taɓa sa ta a lissafina ba. Jiya wani daga cikinku yake ta ƙorafin sanyin da ake yi a Doha kwanakin nan, wai har ya sayi bargo na biyu. Shi ne abin ya faɗo mini a rai, na ce bari in ba ku labarin inda na ga sanyi da idona.

Gidan da nake aiki a lokacin gidan mutanen kirki ne. Kafil ɗina, wato maigidan da ya ɗauko ni aiki, ma'aikaci ne da ba ya zama, saboda haka ni nake kai mahaifinsa asibiti. Dattijon tsohon ɗan kasuwa ne, ba shi da yawan magana, amma idan ya yi ta sai ta zauna. Ciwon ƙoda ya kama shi, ana yi masa wankin ƙoda a kai a kai. Ni ke ɗaga shi daga keken marasa lafiya in sa shi a mota, ni ke sauke shi, har ta kai ga idan wani ya zo zai taɓa shi sai ya ce, "A kira mini ɗana." Da likitoci suka ba da shawarar a fita da shi waje a yi masa dashen ƙoda, ya ce shi fa ba inda za shi sai da ni. Haka aka yi ta fafutukar takardu har biza ta fito.

Ranar tafiya, abokina da muka fito gari ɗaya, wanda ke aikin gareji a Sanaiya, unguwar masana'antu, ya zo filin jirgi ya miƙo mini wata tsohuwar jaket a leda.

"Riƙe wannan," in ji shi. "An ce can kamar cikin firiza ake kwana."

Na yi dariya na ce, "Ni da na sha ranar Doha ban narke ba, sanyi ne zai gagare ni?"

Ya ce, "To, Allah ya kiyaye hanya. Amma dai riƙe."

Wani ƙaramin gari muka sauka a arewacin Amurka, aka kama mana gidan haya ba nisa da asibitin. Mu huɗu ne: dattijon, kafil ɗina, ƙanwarsa da ke jinyar mahaifinsu, sai ni. Gidajen layin babu katanga, kana tsaye a taga kana ganin ƙofar kowa. Garejin gidanmu mai gidan ya kulle kayansa a ciki, don haka motar a waje take kwana, a kan 'yar hanyar siminti da ta taso daga ƙofa zuwa titi. Ba mu daɗe ba aiki ya kira kafil ɗina, ya koma Doha da niyyar ya dawo kafin ranar dashen. Ya bar mini makullin mota da amanar mahaifinsa.

Ranar da dusar ƙanƙara ta fara sauka, wallahi na koma yaro. Na fita tsakar titi ina ɗaga hannu, na kira abokina ta bidiyo ina nuna masa, har na ɗebo kaɗan na sa a baki don in ji ko tana da ɗanɗano. Ba ta da shi. Da murnar ta lafa sai na lura ta rufe matakalar ƙofa da gangaren katakon da muke turo keken dattijon a kai. Na tsaya na yi tunani irin na masu basira. Ƙanƙara dai ruwa ce, kuma zafi ke narkar da ita. Na shiga kicin na tafasa ruwa a babbar tukunya, na fito na kwarara a matakalar da gangaren. Nan take komai ya narke, tururi yana tashi. Na koma ciki ina jin kaina, ina mamakin yadda mutanen garin nan suke wahalar da kansu da shebur alhali ga hanya mai sauƙi.

Bayan ɗan lokaci na fito zan ɗauko abu a mota, da silifa da safa a ƙafata. Taku ɗaya na yi. Ban san lokacin da ƙafafuna suka bar ƙasa ba, sai dai na ga sararin sama, na ji bayana ya daki katako. Ruwan nan da na zuba ya daskare ya zama kamar gilashi.

Ina kwance na ji wata murya a kaina da Turanci: "Kada ka tashi tukuna. Motsa ƙafarka in gani. Kanka ya bugu?"

Maƙwabcinmu na dama ne, wani dogon tsoho Bature mai farin gemu, wanda daga baya na ji ya yi ritaya ne daga aikin gyaran wayoyin lantarki. Ya durƙusa ya duba ni sosai, sai da ya tabbatar ba abin da ya karye sannan ya kama hannuna ya tashe ni. Ya dubi matakalar, ya dube ni.

"Wa ya zuba ruwa a nan?"

Na ce, "Ni ne."

"Mai zafi?"

"Tafasasshe."

Ya yi ƙoƙarin ya riƙe dariyar, amma ta fi ƙarfinsa. Ni ma da na ga haka sai na taya shi, bayana yana zogi. Da ya gama sai fuskarsa ta canja, ya nuna gangaren ya ce, "Da mai keken nan ka turo ta nan fa?" Dariyata ta tsaya cak.

Ya je gidansa ya dawo da bokiti biyu, ɗaya gishiri, ɗaya yashi. Gishirin ya cinye ƙanƙarar, yashin ya hana santsi. Da ya gaya mini saya yake yi a buhu, yashin nan, sai da na sake tambayarsa don in tabbatar na ji daidai. Na ce masa inda na fito yashi muke sharewa daga cikin mota kullum, ba mai so ko kyauta. Ya ce to in zan dawo in taho masa da tirela guda.

Daga ranar ya ɗauke ni ɗalibi. Ni kuma Baba nake ce masa, da farko yana mamaki, har ya saba. Ya kai ni na sayi takalmin but mai haƙora a ƙasa da safar hannu. Ya ba ni aron shebur mai faɗi ya nuna mini yadda ake yi. Ba ɗaga ta ake yi ba, tura ta ake yi gefe. In dole sai an ɗaga, a durƙusa da gwiwa, a ɗebi kaɗan, kada a murɗa ƙugu a jefa ta baya. A fita tun tana 'yar kaɗan, kada a bari ta taru. A riƙa hutawa, a riƙa shan ruwa, don mutum yana gumi a cikin sanyin nan bai sani ba. Ni da nake ganin ƙarfi ne kawai aikin, ranar farko sai da na kasa yin ruku'u daidai.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne tsarin layin, wanda ba wanda ya rubuta shi. Duk wanda ya riga fita, in ya gama gabansa sai ya ɗan zarce zuwa gaban na kusa da shi. Akwai wani ɗan Somaliya a gidan da ke kallon namu, direban bas ne, shi da matarsa. Akwai wata malamar makaranta da ke zaune ita kaɗai a hagunmu. Wata safiyar sai in fito in tarar an riga an share mana hanyar masu ƙafa, ban san wa ya yi ba. Sai ni ma na fara sammako don in riga su.

Wata rana matar tsohon ta kawo mana burodin da ta gasa. Ta zauna da ƙanwar kafil suna hira, da za ta tafi sai ta ja ni gefe a bakin ƙofa ta rage murya.

"Mijina yana da ciwon zuciya," in ji ta. "An yi masa aiki. Likita ya ce inji kawai zai riƙa turawa, a hankali, amma kada ya kuskura ya ɗauki shebur. Ni ba ya jin maganata. Don Allah in ka gan shi da shebur, ka karɓe."

Na ce, "To, in Allah ya yarda." Amma a raina na ce wannan fa aiki ne. A gidanmu ba a yi mini tarbiyyar fizge abu daga hannun babba ba, balle wanda shi ya koya mini riƙon abin.

Sai ga babbar dusar ƙanƙara ta zo. An yi ta sanarwa a waya da talabijin, wuni guda tana zuba ba ƙaƙƙautawa, ina sharewa tana mayarwa, har na haƙura na shiga ciki. Washegari kuma ranar wankin ƙodar dattijon ce. Na idar da sallar asuba na buɗe ƙofa, sai na ga duniyar ta ɓace. Babu matakala, babu titi, motar ta zama wani farin tudu. Na sa ƙafa ta nutse har gwiwa.

Na koma ɗakin dattijon. Ƙafafunsa sun kumbura, numfashinsa ya yi nauyi, kamar yadda yake yi duk ranar da wankin ya zo. 'Yarsa ta kira asibitin, suka ce a kawo shi, suna nan, wannan ba abin da za a ɗaga ba ne. Ta dube ni, idonta ya cika. Shi kuwa dattijon carbinsa kawai yake ja. Ya ce, "Ɗana, yi abin da za ka iya."

Na fita kamar mahaukaci. Duk karatun da aka yi mini ya zube. Ina cika shebur maƙil ina ɗagawa ina jifa, har na buɗe hanya zuwa ƙofar motar. Na ce bari in tayar da ita, hita ta ɗumama ciki, in kawo dattijon ya zauna a ɗumi kafin in gama sharewa. Na tayar ke nan sai na ji ana ihu daga ƙetaren titi.

"Ɗan'uwa! Kashe! Kashe ta!"

Ɗan Somaliyan nan ne ya taho yana tsalle a cikin ƙanƙara. Na kashe. Ya ja ni bayan motar ya tona da hannunsa, sai ga bakin salansa a toshe ƙam. Ya ce in an tayar da mota a haka, hayaƙin ba ya samun hanya, ciki yake komawa, kuma ba a jin warinsa, mutum sai dai ya ji barci ya ɗauke shi. Na tuna wanda nake shirin sakawa a ciki in rufe ƙofa, sai na hau salati. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ba komai, Allah ya tsare. Asibiti za ku?" Na ce e. Ya juya ya kira matarsa ta fito da wani shebur ɗin. Malamar makarantar ma da ta hango mu sai ga ta da nata.

Can sai muka ji ƙarar inji. Tsohon ne ya turo nasa, wani abu kamar injin yankan ciyawa, yana haɗiye ƙanƙarar ta gaba yana feso ta gefe. Na ji kamar in rungume shi. Ya ci kusan rabin hanyar, sai injin ya shaƙe, don ƙanƙarar ranar mai nauyi ce, jiƙaƙƙiya. Ya kashe shi. Ni da gaggawata na miƙa hannu zan zaro abin da ya toshe, ya buge mini hannu da ƙarfi.

"Ko a kashe yake, kada ka taɓa sa hannu a nan," in ji shi. "Haƙoransa suna iya juyawa da kansu." Ya ɗauko sanda ya zaƙulo. Amma da ya ja igiyar, injin ya yi tari ya yi shiru. Ya ja, ya ja, ya ƙi tashi.

Muna cikin haka sai ga motar hukuma mai share titi ta wuce. Ta buɗe titin kam, alhamdulillahi, amma duk abin da ta turo sai ta jibge shi a bakin hanyarmu, ya zama wani tudu mai tauri da ya kai mini ƙugu. Na tsaya ina kallonsa, ban san ko in gode ko in yi kuka ba.

Ina juyowa na ga tsohon ya ɗauki shebur.

Ya nufi tudun nan ya fara sara. Na dubi ƙofar gidansu, matarsa na tsaye ta rungume hannu, idonta a kaina. Na matsa kusa da shi.

"Baba, kawo in yi."

"Kana da naka."

"Baba, ka ɗan huta mana, mu huɗu ne, mun isa."

"Ina share layin nan tun ba a haife ka ba," in ji shi, bai ko dube ni ba.

Na sake roƙonsa, malamar ma ta sa baki. Abin da na lura shi ne, duk lokacin da muka ce ya huta sai ya ƙara cika shebur ɗin. Numfashinsa ya fara fita da ƙara. Fuskarsa da ta yi ja ta koma wani fari-fari. Ya ɗan tsaya ya jingina da ƙotar, ya shafa ƙirjinsa kamar yana gyara jaket, ya ci gaba. Ga mara lafiya a ciki yana jira, ga wani yana neman ya faɗi a gabana saboda mu. Na rasa abin yi. In kama shi da ƙarfi? In yi masa tsawa?

Sai na ji ana ƙwanƙwasa gilashi. Dattijonmu ne, ya sa 'yarsa ta turo kekensa bakin tagar falo, yana yi mini alama da hannu. Na shiga da gudu, na ɗauka jikin ne.

"Me ke damun mutumin can?" ya tambaye ni da Larabci.

Na gaya masa komai, har maganar matarsa. Ya dubi waje, yana numfashi da ƙyar.

"Kun ce masa ya gaji?"

Na ce, "Mun ce ya huta."

Ya girgiza kai. "Kuskure ke nan. Je ka ce masa ni na aiko ka. Ka ce ina kallonku daga nan, aikin nan ba shi da shugaba, kowa zuba ta yake inda ya ga dama. Ka ce ina son wanda ya san aikin ya zo nan inda ake ganin komai ya tsara ku. Ka kuma ce gahawata tana hucewa, ni ba na sha ni kaɗai." Ya juya ga 'yarsa ya ce ta kawo filas da dabino.

Na koma na isar da saƙon yadda aka ba ni, da Turancina na direbobi. Tsohon ya ɗago ya dubi tagar. Dattijon ya ɗaga masa ƙaramin kofi. Sannan ya waiwaya ya dube mu, kuma Allah da ikonsa, daidai lokacin ɗan Somaliyan ya watsa shebur guda a inda malamar ta gama sharewa.

"Gaskiyarsa," in ji tsohon. "Kamar kaji kuke aiki."

Ya soka shebur ɗin a cikin tudun, ya nufi ƙofarmu a hankali. Matarsa ta bi bayansa da kwalbar maganinsa a hannu. Da ta zo wuce ni sai ta ɗan matsa mini hannu.

To, daga nan fa muka samu shugabanni biyu. Suna zaune kafaɗa da kafaɗa a bayan gilashi, ba wanda ke jin yaren wani. Tsohon yana ƙwanƙwasa taga yana nuna mana inda za mu yanka tudun gunduwa-gunduwa, daga sama zuwa ƙasa, da inda za mu zubar don kada ta tare wa direba gani. In ya ga ɗayanmu ya daɗe, sai ya nuna shi ya nuna matakala, wato je ka zauna, wani ya karɓa. Dattijon kuwa, da likita ya hana shi dabino ya kuma taƙaita masa abin sha, leɓe kawai yake jiƙawa da gahawar, amma yana ta tura wa baƙonsa faranti. Ƙanwar kafil ta gaya mini daga baya cewa kafin mu gama, Baturen ya iya cewa "yalla", wato "mu je" da Larabci, yana faɗa da ƙarfi kamar muna jin sa.

Muka yi ta yi bi da bi, mu huɗu. Matar ɗan Somaliyan ta fi mu duka iya tura shebur, ba ta gaggawa, ba ta tsayawa. Da hanya ta buɗe, malamar ta bi ta da gishiri da yashi tun daga gangaren har ƙofar mota. Ni da ɗan Somaliyan muka kankare gilasan, muka sake duba salansa, sannan na tayar. Muka turo keken a hankali, ɗaya a gaba yana tarewa, ɗaya a baya.

Na ɗaga dattijon na sa shi a mota, zan rufe ƙofa sai ya riƙe hannuna. "Ce wa abokina ya raka ni," in ji shi. "Ce masa ban san hanya ba, kai ma ba ka iya tuƙi a wannan abin ba."

Wannan kam ba ƙarya a ciki. Na faɗa wa tsohon. Kafin ya amsa, matarsa ta riga ta buɗe ƙofar baya ta shiga. Haka ya zauna a gaba yana gaya mini in bi a hankali, kada in danne birki gaba ɗaya, in bar tazara mai yawa. Muka isa lafiya. Aka shiga da dattijon wajen wankin, ita kuma matar ta kama hannun mijinta ta ce tunda ga su a asibiti, ai sai a duba shi. A gaban mutane bai iya musu ba. Suka riƙe shi har washegari. Ta gaya mini likitan ya ce da ya ƙara ɗan lokaci a kan tudun nan, da labarin ya canja.

Sauran lokacin sanyin, ni na riƙa share gabansu. Ban taɓa ce masa na karɓi aikin ba. Sai dai in je in ƙwanƙwasa in ce, "Baba, fito ka duba ko ina yi daidai." Ya fito baranda da kofin shayinsa ya tsaya yana kushe ni. Nan ban kai gefe ba, can gishirin ya yi yawa zai kashe masa ciyawa. In ya gama sai ya tsallaka gidanmu ya zauna da dattijon a bakin taga. Na sha shiga in tarar da su shiru, kowa yana kallon titi, kuma ka ga alamar hirar ta yi musu daɗi.

Kafil ɗina ya dawo, aka yi dashen, Allah ya sa aka dace. Lokacin da likitoci suka sallame mu, ƙanƙarar ta fara narkewa, ruwa yana bin gefen titi. Duk layin suka fito sallama. Tsohon ya sunkuya ya riƙe hannun dattijon da hannu biyu, suka daɗe a haka. Dattijon ya yi masa doguwar addu'a da Larabci, na buɗe baki zan fassara, tsohon ya ɗaga mini hannu ya ce, "Bar shi, na ji."

Dattijon ya ƙara shekaru masu albarka a gidansa, ya ga auren jikokinsa, kafin Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa da rahama. Matar tsohon takan turo mini gaisuwa jefi-jefi, ta ce suna nan, ɗan Somaliyan ne ke share musu yanzu, kuma shi ma yana shan kushe.

In na tuna wannan tafiyar, ba sanyin ne ke fara zuwa mini ba, ko faɗuwar da na yi. Abin da dattijon ya yi daga kan kekensa ne. Dukanmu da ke waje muna son tsohon nan da alheri, muna da ƙarfi, muna da shebur, amma mun kusa tura shi ga halaka da kalmar "huta". Wanda ya fi mu rauni, wanda ko tsayuwa ba ya iyawa, shi ya san abin da mutumin yake tsoro. Ba gajiya yake tsoro ba, tsoro yake a ce ya daina amfani. A da ina ganin taimako shi ne ka ga mutum da kaya ka sauke masa. Yanzu na san akwai yadda za ka sauke wa mutum kaya ka haɗa da mutuncinsa, kuma wannan ba taimako ba ne.

Yau ina tuƙa motar kaya a wani sito a Sanaiya. Akwai wani dattijo ɗan ƙasarmu da muke aiki tare, ya manyanta, amma in ana lodi sai ya riga kowa kai hannu kan kwali mafi nauyi, ko da rana ta take. Samarin wurin sukan ce masa, "Baba, ka bari, ka tsufa," shi kuma sai ya ƙara ɗaukar biyu. Rannan na sauko daga mota na ce, "Baba, don Allah hau sama ka tsara mana lodin nan, jiya da ba ka nan sai da kaya suka zube a hanya."

Ya ajiye kwalin, ya goge fuska, ya dubi samarin ɗaya bayan ɗaya.

"Ai na sani," in ji shi. "Ku matsa in hau."